Zafin Nema Ba Ya Kawo Samu

Mu biyar ne muka yi karo-karo a Zangon Kumasi muka sayi allon Arduino Uno guda ɗaya da ƙananan injinan sarbo huɗu, irin SG90 masu shuɗin jiki. Burinmu shi ne mu haɗa hannun mutum-mutumi wanda zai ɗauki goro daga faranti ya miƙa wa baƙo, mu nuna shi ranar walimar saukar ƙannenmu. Iyayenmu sun daɗe suna kallon abin a matsayin wasan yara, shi ya sa muka ɗauki ranar da muhimmanci.

Saura kwana uku hannun ya fara gardama. Sai ya ɗaga goron, ya yi rawar ɗari, ya saki, allon kuma ya mutu ya farfaɗo. Da ɗayanmu ya taɓa wani ɗan baƙin abu kusa da mashigar wuta, wanda bai fi ƙwayar wake ba, sai ya fizge yatsa yana salati. Mun zargi mai shago, mun zargi zafin watan Maris, har mun zargi juna.

A ƙarshe muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya juya allon, ya shinshina, ya ce, “Samari, da wane batir kuke ciyar da shi?”

Muka ce, “Baba, na babur ne, mai bolt 12, don ya samu ƙarfi sosai.”

Ya yi murmushi, ya jawo bayan kwalin sabulu ya yi mana lissafi. Ɗan baƙin abin nan shi ne mai daidaita wuta. Aikinsa ya karɓi wutar batir ya sauke ta zuwa bolt 5 da ƙwaƙwalwar allon ke buƙata. Rarar bolt 7 ɗin ba ta da wurin zuwa, zafi take komawa a jikinsa. In injinan sun ja rabin amfiya kawai, zafin ya kai wat uku da rabi ke nan. Ga shi kuma sarbo ɗaya, idan ya ci karo da nauyi, yana iya jan fiye da rabin amfiya shi kaɗai, alhali iyakar abin da mai daidaitawar ke ɗauka kusan amfiya ɗaya ce. Idan zafin cikinsa ya haura digiri 150 sai ya yanke wuta don ya tsira, in ya huce ya dawo. Mutuwa da farfaɗowar da muke gani ke nan.

Baba ya ce, “Lafiyarsa ƙalau. Ku ne kuka ɗora wa jaki kayan raƙumi.”

Maganin bai kai tsadar sabon allo ba. Mun sayi ɗan allon rage wuta mai LM2596, wanda ke kunna wuta yana kashewa sau dubu 150 a daƙiƙa, don haka abin da yake zubarwa a zafi kaɗan ne. Muka murɗa shi zuwa bolt 5, muka ba injinan hanyar wutarsu daban. Daga Arduino kuwa wayoyin umarni kawai suka tafi gare su. Baba ya ja mana kunne a kan abu ɗaya: lallai baƙar wayar ɓangarorin biyu ta haɗu wuri guda, in ba haka ba injinan ba za su fahimci umarnin ba. A daren nan hannun ya yi awa guda yana aiki, muna ta ɗora yatsa a kan ƙwayar waken, ɗumi kawai muke ji.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, kuskuren daga kyakkyawar niyya ya fito. Mun ɗauka yawan wuta shi ne ƙarfi, ashe kowane bolt da muka ƙara azaba ce ga mafi ƙanƙantar abu a allon. Da mun ci gaba da matsa masa, da wataƙila mun rasa allon da ba mu da kuɗin sake saye.

Ranar walima hannun ya ɗauki goro ya miƙa wa liman. Liman ya karɓa da hannu biyu yana dariya, ya fasa, ya ba mahaifin ɗayanmu rabi. Washegari muka kai wa Baba nasa goron. Ya karɓa, ya tambaye mu ko mun sa wa batirin fis.

Ba mu sa ba. Muka koma gida da sauri.