Tulun Inna

Ni haihuwar Funtua ce, gidanmu da famfo, don haka har aka kai ni ɗakin miji a wani ƙauye kusa da Malumfashi ban taɓa ɗora tulu a kaina ba. Ban cika wata guda ba na fasa na surukata a tsakar gida, gaban faccalolina. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta yi faɗa ba. Washegari ta naɗa mini gammo, ta aza mini ƙwarya cike da ruwa, ta ce, "'Yar nan, cire takalmin nan, ƙafa ma gani take yi. Kuma bar kallon ƙasa, dubi kukar can." Kullum sai na je bakin rumbu na dawo sau goma. Da na ɗan iya, sai ta mayar da abin bayan isha, ba fitila. Ni kuwa ina ta ƙunƙuni a zuci, wai muguntar uwar miji ce. Allah Ya yafe mini. Kafin a gama cirar auduga ina tafiya da tulu hannuna a sake.

Bayan shekara tara ciwon suga ya kama ta, tafin ƙafarta ya daina ji. Da rana garau take, amma dare na yi sai tangaɗi. Wata asuba ta faɗi wajen alwala, goshinta ya fashe. Daga nan ta ƙi fita ɗaki, matar da a da ba ta zama.

A asibiti likita ya ce mana abu uku ne ke tsayar da mutum: ido, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi masu sanar da ƙwaƙwalwa inda jiki yake, sai kuma wasu 'yan bututu uku masu ruwa can cikin kowane kunne. Ruwan nan ne ke ci gaba da motsi idan yara sun yi ta juyi sun tsaya, shi ya sa jiri ke kwasarsu. Inna ta rasa na ƙafa, duhu kuma ya ɗauke ido, kunne kaɗai aka bari da aiki. Ya ce amma jiki na koyo ko an tsufa, in ana gwada shi kullum, kuma a riƙa kunna mata fitila, kada ta yi yawo ba takalmi saboda rauni.

Yanzu da hantsi nakan ja layi da toka a tsakar gida, ta bi shi dunduniya na taɓa yatsu. Sai ta dafa bango ta ɗaga ƙafa ɗaya, kamar mai langa, ina ƙirga mata. Ranar farko uku ta kai. Jiya sha biyu, har ta ɗan saki bangon.

Na ce, "Inna, ku bar kallon ƙasa, ku dubi kukar can."

Ta harare ni, ta ce, "Ja'ira, biya mini tuluna tukuna."