Ranar da Aka Ce In Fita Waje In Jira

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai da na nemi izinin mai labarin, ya ce, "Baba, rubuta, amma kada ka sa sunana." To, ba zan sa ba.

Ɗan yayana ne marigayi. Ni na ɗauko shi daga gida yana ɗan shekara 14, na sa shi a harkar albasa da tattasai a kasuwar Shasha. A watan Fabrairun 2021, da rikicin nan ya tashi aka ƙona rumfuna, yana cikin kasuwar. Allah Ya kuɓutar da shi, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Muka yi hamdala, muka ce an wuce wurin. Ashe mu ne muka wuce, shi yana can.

Barci ya ƙaurace masa. In mashin ya yi ƙara a layi sai ya zabura. Yaron da ke cika shago da surutu ya koma sai a yini ba a ji bakinsa ba. Aka ce sammu, aka ce iska. Ni da nake jan salla in liman ya yi tafiya, nake kuma yi wa 'ya'yan mutane tofi, na yi masa duk abin da na sani. Yakan samu natsuwa kwana biyu, sannan abu ya dawo. Shekara biyu muna haka. Gaskiyar da ban so faɗa ba ita ce, girman kai ya riƙe ni. Ina tunanin me za a ce, wai Malam ya kasa da na gidansa.

Uwargida ce ta fasa ƙwan. Wani dare ta ce, "Malam, jiya na tarar da shi ya rabar da kayan sawarsa, yana cewa ba zai ƙara bukatarsu ba. In ba ka kai shi asibiti ba, ni zan kai shi." Ban runtsa ba a daren nan.

Wata maƙwabciyarmu nas ce, Bayarabiya. Ita ta ce in mun je babban asibiti, bayan ganin likita, mu tambayi ofishin jin daɗin jama'a, wanda ake ce wa walfiya. Na ce ai ba bara muka zo ba. Ta yi dariya ta ce, "Alfa, ba sadaka kaɗai suke yi ba." Ta bayyana min cewa ma'aikatan nan karatun abin suka yi. Likita yana duba ciwo ya rubuta magani, su kuma suna zama da mara lafiya su saurare shi, su duba halin gidansu da sana'arsa da bashin da ke kansa, su koya wa iyali yadda za su zauna da shi. Su ba sa rubuta magani. Manyan asibitocin gwamnati suna da wannan sashe, irin su asibitin koyarwa na nan Ibadan, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta da Yaba a Legas.

Sai maganar kuɗi. Ƙanena ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana da inshorar lafiya. Na ɗauka katinsa zai ɗauki yaron, tunda ɗanmu ne. Ashe tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikacin ne da matarsa ɗaya da 'ya'yansa na cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ɗan ɗan'uwa mai shekara ashirin da ɗoriya ba ya ciki, duk yadda muke kiransa ɗa a Hausance. Wani ya ba mu shawarar a kai shi da sunan babban ɗan ƙanen nawa, wa zai gane? Wallahi sai da zuciyata ta raya min. Amma yaudara ce, kuma fayil ɗin zai zauna da sunan wani yaro daban har ƙarshen rayuwarsa. Na ce a'a.

Muka koma neman tsarin da irinmu masu sana'ar hannu za su iya shiga. Tun 2022 aka yi sabuwar doka, tsohuwar NHIS ta koma NHIA, kuma akwai shirin da mutum ko ƙungiya za su biya da kansu. Jihohi ma suna da nasu, kamar OYSHIA a nan Oyo da Ilera Eko a Legas. Muka yi rajista. A nan na yi kuskure biyu. Na farko, na ɗauka yau ka biya gobe ka fara amfani, alhali akwai kwanakin jira. Na biyu, da katin ya fara aiki sai na ɗauki yaron kai tsaye zuwa babban asibiti. Aka ce ina takardar turowa daga ƙaramin asibitin da muka zaɓa, ina lambar amincewa? Babu ko ɗaya. Ranar daga aljihuna na biya. Da ma tun farko ban jira kati ba wajen kai shi ganin likita, don mai maganar barin duniya ba a ce masa ya jira wata biyu.

Ranar da muka fara shiga ofishin walfiya ba zan manta ba. Mata ce dattijuwa, ta gaishe ni da girmamawa, ta yi min tambayoyi ina amsawa. Duk tambayar da ta yi wa yaron, ni nake riga shi. Can sai ta ce, "Alfa, yana jin Yarabanci?" Na ce ya fi ni ji, a kasuwa ya tashi. Ta ce, "To don Allah ku ɗan ba mu wuri." Raina ya ɓaci. Ni da na rene shi, ni za a ce in fita? Na fita na zauna kan benci ina jan carbi, kusan awa guda. Da ya fito idonsa ja, amma a mota ya ce, "Baba, yunwa nake ji." Rabon da in ji ya nemi abinci da kansa har na manta.

Sai bayan wata uku ya gaya min abin da ya faɗa mata. Ranar rikicin sun gudu tare da abokinsa, abokin ya faɗi, shi bai tsaya ba. Kuma akwai kuɗin albasar wani dillali da suka ƙone a rumfar, yana ɓoye min don kada in ce ya ci amana. Shekara biyu yana ɗauke da wannan, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ba zai iya faɗa min ba saboda ni ne Baba, ni ne kuma Malam. Kunya da muke yabo a wurin 'ya'yanmu, wani lokaci ita ke rufe musu baki. Matar ta haɗa zama da ni da shi, muka je wurin dillalin, ya yafe rabi, rabin muna biya kaɗan-kaɗan.

Ga abin da zan ce wa duk wanda ya samu kansa a irin wannan hali. Kafin ka biya kuɗin inshora, ka tambaya ko lalurar ƙwaƙwalwa da damuwa na ciki. Ka tambaya ko zaman tattaunawa na ciki, ko ganin likita ne kawai. Ka tambayi kwana nawa za su ɗauka in an kwantar da mutum, da magungunan da ke jerinsu, da kason da za ka biya da kanka. Ka zaɓi asibitin da ke kusa da gida, don daga nan ake turawa. Ka adana kowace rasit. In kuɗi ya gagara, ka faɗa wa 'yan walfiya gaskiya, sukan binciki halin mutum su nemo masa sauƙi. Ka kuma nemi wanda ke jin yaren mara lafiyar, in za a sa tafinta kada ya zama ɗan gida.

Ban daina yi masa addu'a ba, matar ma ba ta taɓa cewa in daina ba. Yana shan maganinsa, yana zuwa wurinta duk wata. Har yanzu akwai daren da ba ya barci, kuma bai yarda ya koma Shasha ba, ni ma ban matsa ba. Yana tsare min shago a nan unguwa. Shekaranjiya na ji shi yana ja-in-ja da wata mai saye kan naira ɗari biyu, murya a sama. Na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye. Amin.