Wayata Ba Ta San Malmalar Tuwo Ba

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Doguwa a lokacin kaka, ba sai an ba shi labarin arzikin wannan yanki ba. Ga masara jibge a bakin titi, ga shinkafa shanye a kan tamfol, ga dawa da rake da dankali. A cikin wannan ni'ima aka haife ni a ƙasar Kiru, a cikinta nake koyarwa a Tudun Wada, kuma a cikinta ne likita ya dubi takardar gwajina bara ya ce, "Malam, sukarin jininka ya haura. Abincin da ya raine ka, shi za ka sa wa linzami yanzu."

Maganar ta girgiza ni, domin na san ƙarshen wannan ciwo idan aka yi masa sakaci. Kawuna, manomin da a da yake cika rumbu uku, da ƙafa ɗaya ya ƙarasa rayuwarsa, kuma daga ɗan gyambo a yatsa abin ya faro. Saboda haka na shiga bincike, har na ci karo da tsarin cin abincin da ake kira keto.

Tsarin ba sabo ba ne. A 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, na asibitin Mayo da ke Amurka, ya raɗa masa suna, kuma don yara masu farfaɗiya aka fara amfani da shi. Hikimarsa ita ce a rage sitaci da sukari, wato kabohaidiret, zuwa giram 20 zuwa 50 a yini. Idan jiki ya rasa makamashin da ya saba, sai hanta ta koma sarrafa kitse. To amma wa zai iya ƙirga giram hamsin da ido? Nan ne manhajar lissafin abinci ta shigo: ka rubuta abin da ka ci, ita kuma ta tara maka jimla.

Ta farko da na sauke a wayata ta burge ni kwana ɗaya tak. Da safe na rubuta ƙwai biyu, ta ba ni amsa nan take. Da dare na rubuta tuwon masara, sai ta jero mini amsoshi masu karo da juna, kowace da adadinta, ba a faɗi girman malmalar ba, ba a faɗi wanda ya auna ba. Miyar kuka kuwa, da ɗanwake da fate da kwaɗon rama, wasu babu su, wasu an rubuta su da ka. Ni kuma, da yake zuciya tana son sauƙi, sai na riƙa zaɓen adadin da ya fi ƙanƙanta. Mako biyu waya tana yaba mini, na'urar gwajin jini tana ƙaryata ta.

Daga baya na fahimci cewa darajar kowace manhaja tana ga rumbun bayanan da take ɗiba. MyFitnessPal, wadda ta bayyana a 2005, ta yi suna da faɗin rumbu, kuma masu amfani da ita suna iya ƙara abinci da kansu. Cronometer ta fi jingina da alƙaluman da aka tantance, irin na ma'aikatar noma ta Amurka. Carb Manager kuwa don masu rage sitaci aka gina ta. Dukkansu a wata nahiya aka haife su, inda yawancin abinci ke zuwa a leda ko gwangwani da bayaninsa a jiki. Mu namu a tukunya yake, da mara ake kwasarsa, kuma sau da yawa hannu huɗu ne a kwano ɗaya.

Wadda ta warware mini matsalar ba ta taɓa riƙe manhajar ba. Uwargidana ce ta gaji da ganina ina latse-latse tuwo yana hucewa, ta ce, "Malam, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kana tambayar waya, ni da na tuƙa tuwon ga ni zaune. Kawo sikeli mu auna garin." Muka sayo ɗan ƙaramin sikeli, muka auna gari kilo ɗaya, ta tuƙa, ta kwashe malmala goma. Garin masara yana ɗauke da fiye da giram 70 na sitaci a kowane giram 100. Ke nan kowace malmala ta haura giram 70, ta zarce kason yini guda na mai keto, alhali ni biyu nake ci kafin in ce na ƙoshi. Muka bi sauran abinci haka. Dafaffiyar shinkafa giram 100, wadda ba ta cika ludayi biyu ba, tana da kusan giram 28. Kwalbar lemo mai santilita 35 ta haura giram 35 na sukari. Tuwon alkama da na acca, waɗanda ake ta tallata wa masu ciwon sukari a matsayin mafita, su ma hatsi ne, sitacinsu bai yi nisa da na masara ba.

Daga wannan darasi na fitar da sharuɗɗa huɗu na zaɓen manhaja. Na farko, ta ba ni damar shigar da girkin gidana da kaina, in rubuta gari da mai da daddawa, in raba bisa yawan malmala ko ludayi. Na biyu, ta nuna mini inda ta samo alƙalumanta. A nan na amfana da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012, ta faɗaɗa shi a 2019, wanda ya ƙunshi amfanin gonarmu irin gero da dawa da ganyen kuka. Na uku, ta bayyana ko tana cire faiba daga lissafi, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, domin a gyaɗa da ganyaye wannan bambanci yana da yawa. Na huɗu, kada ta cinye mini data ko ta ɗora mini kuɗin wata da dala, domin kuɗin da zan biya ya fi amfani a kiret ɗin ƙwai.

Sai dai akwai abin da babu manhajar da za ta lissafa. Ranar da na je gaishe da mahaifiyata na ture kwanon tuwonta gefe, shiru ta yi, sannan ta ce, "Yau kuma abincin nawa ne ya zama guba, ɗan nan?" Ban sami amsa ba. Na ci rabin malmala da miya mai yawa, na zauna na yi mata bayanin Kawu. Yanzu idan ta ji zan zo, kwaɗon zogale take tanada da awara, wani lokaci har da kifin Tiga, kuma ita ce mai tsawata wa duk wanda ya miƙo mini fura.

Wajibi ne in faɗi kuskurena, don kada wani ya maimaita. Na zaftare sitaci gaba ɗaya ina ci gaba da shan maganina yadda yake, ban sanar da likita ba. Wata rana ina tsakiyar darasi sai gumi ya karyo mini, hannuna yana rawa, allo yana juyawa. Sukarin ne ya faɗi ƙasa warwas. Mai shan maganin rage sukari ko mai allurar insulin, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada ɗayansu ya shiga wannan tsari sai da sanin likita. Ni kaina a ƙarshe ban tsaya a kan keto mai tsanani ba. Nama da ƙwai kullum sun fi ƙarfin albashin malami, don haka muka daidaita da likitana a kan rage sitaci daidai gwargwado, kuma awon jinina ya fara sauka.

Ina kira ga ɗalibanmu masu karatun kimiyyar abinci da na kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Wudil, su haɗa kai su auna malmala da ludayi da dunƙulen fura, su gina manhaja da Hausa wadda ta san kwanonmu. Masu buƙatarta suna nan birjik daga Bebeji har Riruwai. Kafin lokacin, sikeli yana nan a madafarmu kusa da gwangwanin gishiri, kuma uwargida ce ke riƙe da lissafin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a abin da muke nomawa.