Ruwan Goro

Ni baƙa ce, kuma tun ina ƙarama ake ce mini in guji kaya masu haske, wai za su ƙara fito da duhuna. Na yarda. Shekara da shekaru ina sayen ruwan toka da ruwan ƙasa, har akwatina ya koma kamar hazon hunturu.

Ana saura sati biyu ƙaramar Sallah na raka Goggo Kantin Kwari. Na ɗauki wata atamfa makuba, ta karɓe ta ajiye, ta zaro mai ruwan goro, ta ja ni bakin ƙofa.

"Miƙo hannunki, 'yar nan. Ba a zaɓen zane a ƙarƙashin ƙwan lantarki."

Ta shimfiɗa gefen atamfar a bayan hannuna, rana na dukansa. Sai ga fatata tana sheƙi kamar an shafa mata man kaɗe. Mai shagon ma, da ya so ya tura mini wata mai tsada, shiru ya yi.

Ƙanwata wankan tarwaɗa ce; ita ruwan goron dusashe ta yake yi, shuɗin marinar Ƙofar Mata ke karɓarta. Turmi biyu na saya ranar, kuma har yau ban koma wa ruwan toka ba.