Kabkabe a Turmi, Burodi a Jakar Makaranta

Duk wanda ya zauna a Jazira ya san cewa a nan ba a karya kumallo da asuba kamar yadda ake yi a Kano ko Maraɗi. Shayi kawai ake kurɓa a fita. Abinci na gaske, wanda ake kira faɗur, sai hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe 10. Shi ya sa kowane ɗan makaranta a Hasahisa da ƙauyukanmu yake tafiya da burodi a jaka, an tsaga shi an zuba ful ko ɗa'amiyya. Yaron da ba shi da nasa kuwa, idan an kaɗa ƙararrawa, sai ka gan shi ya koma gefen katanga yana wasa da ƙasa, wai shi ba ya jin yunwa. Kwana uku ya yi haka, na huɗu sai ya ce kansa na ciwo, ba zai je ba.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ban taɓa lissafa kuɗin faɗur ba. Sai na ba kowane yaro 'yan canji ya saya a bakin makaranta. Da Madani ta faɗi a Disamban wannan shekarar, muka watse kamar kowa. Da muka dawo a 2025, shago babu kaya, jari ya narke, ga yara biyar da jikoki biyu. To, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne kabkabe, wato waken nan mai ƙugu-ƙugu da muke dafa balila da shi a watan azumi. Larabawan Sham suna ce masa hummus, suna niƙa shi da ɗahina su ci da burodi. Na fara ɗanɗana shi a Jidda, daga baya kuma a wurin 'yan Siriya da suka buɗe gidajen abinci a Khartum bayan 2011. Da na ba uwargida labari, dariya ta yi. Ta ce, "Malam, ai wannan balila ce da ta sha taɓarya."

Ga yadda take yi. Da magariba takan jiƙa rabin kilo na kabkabe a ruwa mai yawa, ta jefa 'yar kanwa, wadda mutanen nan ke kira aɗrun. Kanwar ce ke sa shi saurin nuna, gawayi bai ƙare ba. Bayan sallar asuba ta zubar da ruwan, ta dafa shi har ya zamana yana murƙushewa tsakanin yatsu biyu. Tun da zafinsa take juye shi a turmi, don idan ya huce ba ya yin laushi. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, turmi kuwa ba ya ɗaukewa. Sai tafarnuwa ƙwaya 3, lemun tsami 2, gishiri, garin shamar, da ɗan ruwan dahuwar a sassauta shi. A ƙarshe ta yaryaɗa man riɗi. Wannan yakan cika burodi 12 zuwa 15, a sa tumatir da ɗan shaɗɗa a kai.

Inda ta saɓa da mutanen Sham shi ne wurin ɗahina. Ko da yake riɗi na zuwa daga Gadarif, ɗahina tana da tsada. Sai ta maye gurbinta da cokali 4 na dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, wadda ba ta yankewa a gidan Bahaushe. Wani abokina da ke Alƙahira ya ce wannan ba hummus ba ne. Na ce masa na yarda, amma yara suna lashe yatsu. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a Mai Wurno da bakin kogin nan, ai ba su tambayi kowa izini ba kafin su koyi kisra, su kuma koya wa mutanen Sudan agashe.

Gargaɗi ɗaya: abin nan ba ya jure zafinmu. Wanda aka daka da safe a cinye shi kafin azahar. Kada a ce za a ajiye na gobe in babu firij.

Yanzu 'yata babba tana ƙara rabin kilo a kan na gida, ta kai wa maƙwabta uku da ke biyanta a ƙarshen mako. Daga nan kuɗin burodin ke fita.

'Yan uwana fatake da ke Jidda, Alƙahira, Juba ko Libiya, idan kun tura kuɗi gida ta Bankak, kukan tambayi kuɗin makaranta da na magani. Ku riƙa ƙarawa da tambaya ɗaya: me yaro ke ci ƙarfe goma? Idan amsar ta zo da inda-inda, ku ware na kabkabe daban, ku ce a saya da yawa lokacin girbinsa a ƙarshen sanyi, kafin ya yi tsada gab da azumi. Allah Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya dawo da ku cikin iyalanku.