Yadda Na Gina Kango a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya saba da wasannin kwamfuta ya san da wuya a rasa tsohon gidan da aka ƙaurace wa a cikinsu. Sai dai kusan kullum gidan Turai ne ko na Amurka: ginin katako mai hawa biyu, ga matakala, ga dusar ƙanƙara a ƙofa. Ni kuwa ɗan Wushishi ne ta Jihar Neja, kuma gidajenmu ba haka suke mutuwa ba. Wannan ne ya sa na ƙudiri aniyar gina kango irin namu da manhajar Blender, wadda ake samu kyauta tun shekarar 2002. Abin da nake son faɗa wa 'yan'uwana ɗaliban harshe shi ne, Hausar da nake karanta ta taimaka mini a wannan aiki fiye da yadda kowa zai zata.

Bari in fara da bayanin sana'ar. Kowane abu da ake gani a wasan kwamfuta, mutum ne ko mota ko bango, an harhaɗa shi ne da ƙananan fuskoki masu siffar alwatika. Idan fuskokin suka yi yawa, abu zai fito sumul, amma na'ura za ta sha wahala. Idan aka taƙaita su, sai abin ya fito da kusurwoyi kamar an sassaƙa shi da gizago. Wannan na biyun shi ne salon da na zaɓa, domin kwamfutata ba mai ƙarfi ba ce. A irin wannan salo bango allo ne kawai shafaffe, ba ya ba da labarin komai. Abu biyu ne ke sa masa rai: hoton da aka lulluɓe shi da shi, wanda ni nake kira yaɓe, da kuma hasken da aka sako masa.

Ban yi nisa wajen neman abin koyi ba. Zungeru tana cikin ƙaramar hukumarmu, kuma ita ce hedikwatar Arewa ta Turawan mulki daga 1902 har zuwa lokacin da aka mayar da ita Kaduna. Ko gadar Gwamna Lugga da aka kafa a can a 1904, an kwance ta an kai Kaduna a 1954. Abin da aka bar mana shi ne ragowar bango da ginshiƙai a cikin ciyawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma ba gidan Bature na so in gina ba. Na kalli waɗannan gine-gine ne don in ga yadda ruwa da rana suke cin bango, sannan na juya ga gidajen ƙasa na ƙauyukanmu da masu su suka tashi.

A nan ne harshe ya shigo. Nufanci na tashi da shi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na koye ta, don haka nakan tsaya in auna kalmar da ɗan asali yake wucewa a kanta ba tare da ya lura ba. Bahaushe ya bambanta kango da kufai. Kango gini ne da ke tsaye amma babu kowa a ciki, kufai kuwa wurin da aka taɓa zama ne, har ginin ya kwanta. Wannan bambanci shi ya yanke mini shawarar farko: bangona zai tsaya, rufin ne zai tafi. Kuma ba soro mai azara da indararo irin na Kano zan yi ba, domin ruwan sama ya fi yawa a wajenmu, an fi rufi da kwano ko jinka.

Wajen yaɓe, na gane cewa lalacewa tana da tsari, ba a watsa ta barkatai. Gindin bango ne ke fara zaizayewa, saboda feshin ruwan da ke zubowa daga rufi. Gansakuka tana kama ɓangaren da ba ya samun rana. Gara tana hawa daga ƙasa zuwa ga itace, ta bar hanyarta kamar jijiya. Tsatsar kwano daga bakin ƙusa take farawa ta gangara. Sai kuma alamun mutane: baƙin hayaƙi a saman inda murhu yake, da duhun maiƙo a gefen ƙofa inda hannuwa suka daɗe suna dafawa. Waɗannan biyun su ne ke shaida wa mai wasa cewa an taɓa girki a nan, an taɓa shiga da fita. Idan babu su, tarin ƙasa kawai ka zana.

Wajen haske kuwa, Hausa ta riga ta raba yini daki-daki: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. Kowanne yana da launinsa da tsawon inuwarsa. Da rana tsaka inuwa tana maƙalewa a gindin bango, fuskokin zanen su zama iri ɗaya. Da la'asar sakaliya kuwa haske yakan zo a kaikaice, ja-ja, kowace kusurwa ta fito da kanta. Ita na zaɓa. Na kuma bar rami guda a rufi, domin sandar haske ta sauka a kan fasasshiyar randa, idon mai wasa ya san inda zai nufa.

Akwai dabaru biyu da na aro daga magabata a sana'ar. Wasan Quake na 1996 ya shahara da lissafa haske da inuwa tun kafin a fara wasa, a adana su kamar hoto a jikin bango, don na'ura ta huta. Shi kuwa Silent Hill na 1999 ya rufe garinsa da hazo ne saboda PlayStation ba ta iya zana abin da ke nesa, sai hazon ya zama abin da ke tsorata mutane. Mu ba ma buƙatar aron hazo, muna da na hunturu, wanda ke dusashe rana ya mayar da itatuwan nesa fari-fat. Shi na sa a bayan kangona, ya ɓoye iyakar abin da na gina.

Ana yawan tambayar ɗalibin Hausa abin da zai yi da digirinsa. Amsata ita ce, wanda ya san sunan abu ya fi saurin ganinsa, wanda ya gan shi kuma shi ne zai iya zana shi. Ginin ƙasa ba ya jiran kowa, kowace damina tana tafiya da wani sashe nasa, kuma kalmomin magina suna bin sa a baya. Don haka ina kira ga 'yan'uwa, idan kun je hutu ku ɗauki hoton tsofaffin gine-ginen garinku, ku tambayi dattawa sunan kowane ɓangare, ku rubuta. Masu zanen wasanni na gobe za su nemi wannan ajiya a hannunmu.