Harba-ka-ruga

Mu da muka tashi a Birnin Gwari, da kunne muka fara sanin bindiga. Ta toka takan ce "dum" sau ɗaya ta yi shiru, domin sai mai ita ya sake ɗura albarushi ta baki. Shi ya sa wasu ke ce mata harba-ka-ruga. Ta mutanen daji kuwa, AK-47, harsashi 30 take ɗauka, ba ta tsayawa numfashi. In dare ya raba muka ji "dum", mun san namu ne. In ɗayar ce, sai a tashi yara.

Bayan harin Gwaska na watan Mayun 2018, mun sha gardama a majalisa: a sayar da masara a sayi mai harsashi, ko a kai tsohuwar wurin maƙeri ya sauya mata bututu? Mai harsashi ta fi saurin ɗuri, amma kowane harbi kuɗi ne, ga maganar lasisi. Aikin maƙeri da araha, sai dai mun ga bututun da ya fashe ya tafi da yatsun mai shi. Kuma ko wacce aka zaɓa, ba ta kai inda AK ke kaiwa.

Don haka abin yana mana ciwo in mun karanta labarin da jarumi ya zaro ƙaramar bindiga ya watsa mutum goma a dajin Kamuku. 'Yan uwa marubuta, kafin ku rubuta wannan babin, ku zauna da ɗan sa-kai ku tambaye shi me yake yi tsakanin harbin farko da na biyu.